Su Wane Ne Ma'aikatan Asibitin Mata Da Yara?

Wunti ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Bauchi, birnin da Sarki Yakubu na Ɗaya ya kafa a farkon ƙarni na 19. Yau gari ya tumbatsa ya wuce ƙofar, an yi babbar kasuwa a wurin, jama'a kuwa ta yi yawan da magabata ba su taɓa zato ba. Kowane mako mata masu juna biyu da masu goyo daga Wunti da unguwannin da ke kewaye da ita sukan tafi ƙaramin asibitin da ya fi kusa da su domin awo ko allurar rigakafi. In abu ya yi tsanani, sai a wuce da su babban asibitin jiha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A duk waɗannan wurare, wanda aka gani da farar riga in namiji ne sai a ce da shi likita, in mace ce a ce da ita nas. Girmamawa ce, amma tana da illa. Wani lokaci akan nemi ma'aikaci ya yi abin da ba a koya masa ba, in ya ƙi a ce ya yi wulaƙanci. Wani lokaci kuma akan raina wadda ita ce ta fi kowa sanin haihuwa a wurin, a ce sai dai a jira likita, har lokaci ya ƙure. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a ko su wane ne waɗannan ma'aikata, inda suka yi karatu, da iyakar aikin kowannensu. An ɗauki Bauchi misali ne kawai, gama tsarin ɗaya ne a dukan jihohin Nijeriya.

Yadda Aka Faro

A zamanin En'e, abin da talaka ya sani shi ne ɗakin shan magani da malamin asibiti, sai kuma duba-gari mai leƙa randuna da masai. Makarantar Koyon Tsabta ta Kano, wadda aka buɗe a 1932, ita ce ta yi ta yaye ma'aikatan duba-gari domin lardunan Arewa. An kafa dokar aikin ungozoma a Nijeriya tun 1930, amma ungozomomin da aka horar ba su da yawa, kuma galibinsu a manyan garuruwa da asibitocin mishan suke. Haihuwa dai a ɗaki ake yinta, a hannun tsofaffi.

Canji ya fara ne da Tsarin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, inda Gwamnatin Tarayya ta ƙudura kai ƙananan asibitoci karkara. Nan da nan aka gane cewa gini ba ya duba maras lafiya, kuma likitocin da ke ƙasar ba za su isa ba ko da an yi shekaru ana jira. Saboda haka aka buɗe makarantun koyon aikin lafiya a jihohi domin a horar da wani sabon rukunin ma'aikata masu zama cikin jama'a. A daidai wannan lokaci ne, a 1976, aka ƙirƙiro Jihar Bauchi. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyat ta wancan zamani, suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda likitan yara ne, ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, kuma a zamaninsa ne aka fito da manufar lafiya ta ƙasa ta 1988, aka ɗora nauyin ƙananan asibitoci a kan ƙananan hukumomi. A 1992 aka kafa Hukumar Raya Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa. A yau Jihar Bauchi tana da tata hukumar, mai kula da ƙananan asibitoci a ƙananan hukumominta 20.

Ungozomar Asibiti

Kalmar ungozoma takan kawo ruɗani, domin da ita ake kiran tsohuwar da ke yanke cibiya a gida, da ita kuma ake kiran wadda ta yi shekaru a makaranta ta ci jarrabawar ƙasa. Ta biyun ce muke nufi a nan.

Ga uku daga cikin hanyoyin zama ungozoma. Yarinyar da ta gama sakandare tana iya shiga makarantar ungozoma kai tsaye ta yi shekara uku. Wadda ta riga ta zama nas, watau ma'aikaciyar jinya, tana iya ƙara wata 18 ta haɗa takardu biyu, irin waɗannan ne sau da yawa ake ba shugabancin ɗakin haihuwa. Akwai kuma karatun shekara biyu na ungozomar karkara, wanda aka ƙirƙiro domin 'yan matan da ƙananan hukumominsu za su turo, da sharaɗin su koma gida su yi aiki. Ko ta wace hanya aka bi, ba a zama ungozoma sai an ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa bayan an haɗe hukumomi biyu da ke akwai a da. Ita ce ke ba da lasisi, kuma lasisin ba na har abada ba ne, sai an riƙa sabunta shi tare da shaidar ƙarin ilmi. A Bauchi ana yin wannan karatu a Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Aliko Ɗangote, da kuma makarantun da ke ƙarƙashin Asibitin Koyarwa.

Karatun ba na aji kaɗai ba ne. Kafin a bar ɗaliba ta zauna jarrabawar ƙarshe, tilas ta nuna littafinta inda aka rubuta masu cikin da ta auna da haihuwar da ta karɓa da hannunta, kowace da sa hannun malamar da ta tsaya a kanta. Saboda haka yarinyar da kuka gani a ɗakin haihuwa, ko da ba ta yi aure ba, mai yiwuwa ta ga haihuwa fiye da yadda kakarta ta gani a rayuwarta duka. Muna faɗin haka ne domin mun san akwai matan da ke jin nauyin tuɓe wa wadda suka haifa, akwai kuma uwayen miji da ke cewa me yarinya ta sani.

Ga abin da ta sani. A wurin awo takan auna jini, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce ta san akwai haɗarin jijjiga. Takan sa a gwada fitsari da yawan jini, ta shafa ciki ta gane kwanciyar ɗa, ta saurari bugun zuciyarsa. Takan ba da maganin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar da ke kare jariri daga ciwon sandarewa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu, maimakon sau huɗu na da. In naƙuda ta zo, ungozoma tana da takarda ta musamman da take cikewa sa'a bayan sa'a, wadda ke nuna mata ko haihuwa na tafiya daidai ko ta tsaya. Da zarar ɗa ya faɗo takan yi wa uwa allurar da ke sa mahaifa ta tsuke domin kada jini ya ɓalle, in kuwa jariri bai yi kuka ba ta san yadda za ta hura masa iska da 'yar jakar roba cikin minti na farko.

Abin da ba ta yi shi ne tiyata. In ɗa ya gicciye, ko ƙugu ya yi masa kaɗan, ko mabiyiya ta tare hanya, aikinta shi ne ta gane da wuri ta tura babban asibiti. Sa'ad da ungozoma ta ce a wuce gaba, ba gazawa ta yi ba, aikin da aka koya mata ke nan. Matan da ake kwantarwa a Cibiyar Kula da Masu Yoyon Fitsari ta Ƙasa da ke Ningi, mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta kai su can, watau an yi kwana ana jira a gida ko a inda ba a iya tiyata.

Ma'aikacin Lafiyar Al'umma

Gaskiyar magana ita ce, a yawancin ƙananan asibitocin Arewa ba ungozoma ce za ta tarbe ku ba. Wanda za ku tarar shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma, namiji ko mace, wanda a taƙaice ake kira CHEW. Shi ne magajin malamin asibiti na zamanin En'e, kuma shi ne mutane suka fi kira likita.

Matakansu uku ne. Ƙaramin ma'aikaci yakan yi shekara biyu ya sami satifiket. Na sama da shi yakan yi shekara uku ya sami difloma. Wanda ya yi aiki ya ƙware yana iya tafiya asibitin koyarwa ya ƙara karatu ya zama jami'in lafiyar al'umma, shi ne ake ba riƙon asibiti ko shugabancin sashe a ƙaramar hukuma. A Jihar Bauchi babbar makarantarsu ita ce Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya ta Bill da Melinda Gates da ke Ningi. Suna da tasu hukumar rajista, wadda doka mai lamba 61 ta 1992 ta kafa.

Abin da ya bambanta su da likita yana da muhimmanci a fahimce shi. Likita an koya masa ya binciko cuta da kansa. Shi kuwa ma'aikacin lafiyar al'umma yana aiki ne da wani littafin ƙa'idoji da gwamnati ta amince da shi, wanda ya zayyana masa tambayoyin da zai yi, da alamun da zai duba, da maganin da zai bayar, da kuma inda zai tsaya ya tura gaba. Muddin yana cikin littafin, doka tana bayansa, in ya fita kuwa ya ɗauki alhaki. Don haka in kun ga ya buɗe littafi a gabanku, kada ku ce bai iya aiki ba. Wanda ya kamata a ji tsoronsa shi ne wanda ba ya buɗewa, mai yi wa kowane yaro allura da ƙarin ruwa don a ce ya iya.

Asalin nufi shi ne waɗannan ma'aikata su riƙa ɓata wani babban kaso na lokacinsu a cikin unguwa, gida gida, suna duba masu jego, suna auna damtsen yara domin gano tamowa, suna koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari. Ƙarancin ma'aikata ya sa da yawansu sun maƙale a asibiti, kuma a ganinmu wannan hasara ce babba, domin matar da ta fi bukatar taimako ita ce wadda ba ta zuwa asibiti sam.

Shi wannan ƙarancin ne ya sa a 2014 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar raba ayyuka. A ƙarƙashinta, ma'aikacin lafiyar al'umma da aka ba ƙarin horo yana iya karɓar haihuwar da ba ta da matsala, ya ba da ƙwayar tsayar da jini bayan haihuwa, ya yi wa mai jijjiga allurar farko kafin a ɗauke ta zuwa babban asibiti, ya kuma sa ashanar tazarar haihuwa a damtse. A lura da sharaɗin: sai wanda aka ba ƙarin horo.

Likita

Shi kam karatunsa sananne ne: shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a babban asibiti, sa'an nan hidimar ƙasa. Wanda zai zama ƙwararren likitan mata ko na yara yakan ƙara wasu shekaru biyar ko fiye. Irin waɗannan a manyan asibitoci ake samunsu, kamar Asibitin Koyarwa na Bauchi, wanda ya fara aiki da wannan suna a 2010, shi ya sa tsarin duka ya dogara ga na ƙasa ya gane haɗari ya turo da wuri.

Waɗanda Ba A Cika Lura Da Su Ba

Ranar rigakafi uwa takan ga mai riƙe da sirinji ne kaɗai. Ba ta ganin jami'in da ke kula da sanyin allurai, wanda safe da yamma yake duba ma'aunin firiji ya rubuta, domin yawancin alluran sai an ajiye su tsakanin digiri 2 da 8, in sun yi zafi ko wasunsu suka daskare sun lalace ko da ido bai nuna ba. Da aikin irinsu, da na dubban matan da suka yi ta bin gidaje da akwatin ƙanƙara, aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, sa'ad da aka ba da shaidar cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar shan-inna daga nahiyar Afirka.

Akwai mai kati, wanda shi ma karatun ajiye bayanan lafiya ya yi. Shi ya san yaron da aka yi wa allurar haihuwa, aka kawo shi a mako na 6 da na 10 da na 14, amma ba a dawo da shi ta ƙyanda a wata na 9 ba. Katin awon nauyin yaro da ake ba uwaye ma yana da tarihi a ƙasar nan: wani likita ɗan Ingila, David Morley, shi ya tsara irinsa sa'ad da yake aiki a Imesi-Ile da Ilesha tun daga ƙarshen shekarun 1950, daga nan ya bazu duniya. Akwai mai gwajin jini da fitsari, da mai ba da magani, da jami'in abinci mai gina jiki, da duba-gari wanda yanzu ake kira jami'in tsabtar muhalli, kowanne da makarantarsa da hukumar da ke masa rajista.

Ungozomar Gargajiya Da 'Yan Sa-kai

A shekarun 1970 da 1980 an yi ta tara ungozomomin gargajiya ana koya musu wanke hannu da amfani da sabuwar reza, ana ba su akwatin kayan aiki. An sami amfani wajen tsabta, amma mutuwar mata ba ta ragu yadda aka zata ba, domin zubar jini da jijjiga da toshewar haihuwa ba abubuwan da ake magancewa a ɗaki ba ne. Saboda haka aka sake shawara. Abin da ake nema daga ungozomar gargajiya yanzu shi ne ta zama 'yar rakiya: ta sa mai ciki zuwa awo, ta rako ta asibiti in naƙuda ta tashi, ta hana yankan gishiri da shafa wa cibiya toka ko man goge haƙori. Ba a raina ta ba. Tana shiga inda ma'aikacin gwamnati ba ya shiga, kuma maganarta ɗaya a kunnen uwar miji ta fi lacca goma.

Jihar Bauchi ta ga amfanin irin waɗannan mutane a lokacin wani shiri mai suna TSHIP, wanda Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa a jihohin Bauchi da Sakkwato daga 2009 zuwa 2015, inda aka yaɗa amfani da maganin shafawa a cibiya da ƙwayar tsayar da jini. A 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS, domin a tattara 'yan sa-kai iri iri a ƙarƙashin tsari ɗaya. Ana zaɓo su daga cikin unguwarsu, galibi mata, a ba su horo na ɗan lokaci. Su ba ma'aikatan asibiti ba ne, ba sa karɓar haihuwa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a hannun ƙwararren ma'aikaci, kuma cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 ke rasuwa. Jihohin Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma su ne a baya wajen haihuwa a hannun ƙwararru. Dalilai suna da yawa, amma babba daga ciki shi ne rashin ma'aikata mata a inda ake bukatarsu. Magidanta da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwar iyalinsu, matan su ma ba sa so.

A 2009 aka gwada Shirin Tura Ungozomomi Karkara. An ɗauki sababbin da suka gama makaranta, da marasa aiki, da waɗanda suka yi ritaya, aka rarraba su huɗu huɗu a ƙananan asibitoci, aka ce Tarayya da jiha da ƙaramar hukuma su haɗu su biya su. An ga ƙaruwar masu zuwa awo, amma shirin ya yi rauni: alawus bai riƙa zuwa a kan kari ba, masauki ya yi wuya, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka turo daga nesa ba su jin harshen mutanen da suke yi wa aiki, sai suka koma. A 'yan shekarun nan kuma ƙwararrun ma'aikatan jinya suna ta fita zuwa Ingila da Saudiyya da sauran ƙasashe neman albashi mai tsoka. Wadda ta fi zama ita ce 'yar gari, mai iyaye da miji da 'ya'ya a wurin, wadda ta san goyon ciki da wankan jego da kunyar ɗan fari, ta kuma san yadda za ta yi wa dattijo magana ya bari a fita da matarsa da tsakar dare. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya matakin farko, kuma wani ɓangare na kuɗin na horar da ma'aikata ne. Amma kuɗi ba sa shiga aji su zauna jarrabawa, sai an sami 'yan matan da suka gama sakandare.

Ga uban da ke da 'ya mai sha'awar wannan aiki, abin da ake nema shi ne sakamako mai kyau a darussa biyar: Turanci, Lissafi, da darussan kimiyya uku, watau Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Ke nan tun daga aji huɗu na sakandare ake yanke shawara, ranar da za a zaɓa mata ajin kimiyya ko waninsa. Aure ba ya hana wannan karatu, akwai matan aure da masu goyo a makarantun. Sai dai a yi hattara da makarantun da suka yi yawa a 'yan shekarun nan, masu karɓar kuɗi ba tare da izni ba. Kafin a biya ko sisin kwabo, a je Ma'aikatar Lafiya ta jiha a tambaya ko Majalisar Jinya da Ungozoma, ko Hukumar Rajistar Ma'aikatan Lafiyar Al'umma, ta amince da makarantar, domin ɗalibar makarantar da ba a amince da ita ba ba za a bar ta ta zauna jarrabawar ƙasa ba, kuma ba za ta sami lasisi ba.